Teburin Ishaq a Kasuwar Laraba

Tungar Adda, ta Bakura
Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Taubashina Malam Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Zainab da yara, da Inna da ciwon gwiwarta. Mu nan lafiya lau, sai uwargida Kaltumi da ta yi kwana uku da zazzaɓi, amma ta miƙe.

Kada ka yi mamakin takarda. Ka san garinmu wuri ɗaya ake samun sabis, gindin tsamiyar firamare, kuma wanda duk ya tsaya can da waya rabin gari na sauraronsa. Lukman direba zai miƙa maka wannan gobe in ya shigo kasuwar Mafara.

Tun bayan kaka nake sayo shanu a Faru wurin dangin tsohuwata, da sauƙi bisa na kara. Na sayi sikeli, ina sayar da nama da kilo, mutum ya ga abin da ya biya. Gidaje suka riƙa aiko wa teburina. Sai ƙungiyarmu ta mahauta ta zauna, shugabanmu Alhaji Maiwada ya ce farashi ɗaya ne a kasuwa, wanda ya sauko ƙasa ya fita daga cikinmu. Na ƙi ɗagawa. Suka hana malamin yanka ya yanka mini a kwata, suka hana kowa haɗa saniya da ni.

Kai ɗan ofis ne, hannunka bai san jini ba, bari in yi maka bayani. Kasuwarmu ta Laraba ba ta cinye wa mutum ɗaya saniya. Mu huɗu ke haɗuwa, kowa ya ɗauki ƙafa guda da abin da ya biyo ta. Ba mu da firji, nama ba ya kwana. Naman da ba a yanka a kwatarmu ba kuwa ba ya hawa tebur. Yanzu cikin mahautan Fa'izu kaɗai ke rufa mini asiri, yana raba ƙafarsa biyu ya aiko mini rabi a buhu kafin kasuwa ta cika. Sun san wani ne a cikinsu, ba su san ko wane ne ba. Ƙa'idarmu ita ce, teburin da ya yi Laraba goma sha biyu a jere babu nama, ƙungiya ta ba wani. Teburin Baba ne, kai ma ka ci tsire a kansa kana yaro, ba ka biya ba.

Na ji a rediyo akwai hukumar tarayya mai hana 'yan kasuwa haɗa baki a kan farashi. Ka rubuta musu da sunana. Fa'izu ya yarda a sa shi shaida, in dai maganar ba za ta fito gari ba.

Naka,
Ishaq

*

Talata Mafara
Talata, 14 ga Janairu, 2025

Yaya Ishaq,

Wa alaikumus salam. Ina amsa gaisuwarka, ina kuma yi wa Yaya Kaltumi sannu. Inna na nan da gwiwa, ta ce a tambaye ka ko ka manta hanyar gidanta. Maganar tsire kuwa, na duba ƙwaƙwalwata, ina ganin sau biyu ne kawai, kuma Baba ne ya ba ni da hannunsa.

Ga abin da na yi, bi da bi, kamar yadda na rubuta a littafina na kullum.

Ranar Laraba na nemo sunan hukumar. Ita ce ke kula da haƙƙin masu sayen kaya da kuma gasa tsakanin masu sayarwa. Na karanta abin da na samu na dokarta sau uku, don Turancinta ya fi na sakandaren da na yi. Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, shi ne masu sana'a ɗaya ba su da ikon zama su tsayar da farashi ɗaya, ba su kuma da ikon rufe wa wani hanya don ya sayar da sauƙi.

Ranar Alhamis na rubuta ƙorafin. Na sa sunanka, da ranar da aka yi zaman, da maganar kwata, da sunan Fa'izu a matsayin shaida. Na roƙe su a sakin layi na ƙarshe su riƙe sunansa a wurinsu. Ranar Juma'a na tura ta intanet daga kwamfutar ofis. Na bi duk ƙa'idar aika takarda da na sani a shekara goma sha takwas da na yi a rajistar ƙaramar hukuma, ban tsallake ko ɗaya ba.

Ba zan yi maka alkawari ba. Ban sani ba ko hukuma irin wannan tana saukowa har kasuwar ƙauye, ko manyan kamfanoni kawai take bi. Ka ci gaba da riƙe teburin yadda kake yi.

Ƙanenka,
Abdulwahab

*

Tungar Adda
Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Malam Abdulwahab,

Sallama da gaisuwa, da fatan iyali lafiya. Mu jiki lafiya.

Magana ta fito. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Alhaji Maiwada ya tara mu a rumfarsa. Ya ce an kai ƙarar ƙungiya wurin gwamnati, ya faɗi ranar zaman da aka rubuta, ya faɗi maganar kwata, kalma bayan kalma kamar mai karantawa. Sannan ya juya ya ce, "Fa'izu, ashe kai ne mai buhu?" Fa'izu ya yi ta rantsuwa har hularsa ta faɗi. Da yamma ya aiko matarsa wurin Kaltumi cewa kada in sake nemansa. Jibi Laraba teburina zai wuni babu nama, ita ce ta farko cikin sha biyu.

Na zauna na ƙirga waɗanda suka sani. Ni, da kai, da Fa'izu, da Kaltumi, da wanda ya ɗauki takarda. Lukman na ɗaukar wa Alhaji fatu duk Talata. Ambulan ɗin da ya kawo mini daga wurinka, bakinsa ya yi kamar an buɗe an sake liƙewa. Ko kuwa cikin hukumar ne akwai mai sayar da magana? Kai ka san ofis, faɗa mini ta ina irin wagga magana ke zuba.

Ishaq

*

Talata Mafara
Talata, 4 ga Fabrairu, 2025

Yaya Ishaq,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an fara dashen shinkafa a gonar Inna ta Bakalori, shi ya ɗauke mini kwanakin nan.

Hukumar ta amsa. Sun ba ƙorafin lamba, na rubuta maka ita a bayan wannan takarda, ka adana. Sun tambaya ko ƙungiya ta taɓa rubuta farashin a takarda, na ce ina zaton da baki ne.

Abin da ya faru bai yi mini daɗi ba. Ina roƙonka kada ka zargi kowa tukuna, musamman Lukman. Na haɗu da Alhaji Maiwada a wani suna nan Mafara ranar Asabar, mun gaisa, kuma ban ga alamar mutum ne da ba za a iya zama da shi ba.

Abdulwahab

*

Tungar Adda
Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025

Abdulwahab,

Sallama. Muna nan.

Na karanta takardarka sau huɗu, na ba Kaltumi ta karanta. Ita ta fara cewa, "Wai shi wanga ƙanen naka, da ya rubuta maka shafi biyu kan tsire da doka, yau da gari ya kama wuta layi goma ya samu?" Na ce shinkafa ce. Ta ce shinkafa ba ta riƙe biro.

Kun gaisa da Alhaji. Wa ya fara miƙa hannu? Me ya ce, me ka ce? Kai da ke rubuta ƙarfe nawa ka sha shayi a littafinka, ba ka faɗa mini kalma ɗaya daga cikin hirar ba. Na san ɗan Alhaji na neman aiki a sakatariyarku, na kuma san takardun neman aiki ta teburinka suke bi. Ban ce komai ba, ina dai faɗa maka abin da na sani.

Ka ce kada in zargi Lukman. Ka makara. Na tare shi a tasha gaban mutane na tambaye shi nawa aka ba shi. Ya ce shekara tara yana ɗaukar saƙon garin nan, ba a taɓa ce masa ɓarawon takarda ba. Wannan ma wani mai babur na ba. Ta ina ka san ba Lukman ba ne?

Laraba biyu ta wuce. Saniyar da na kawo daga Faru na ɗaure a gida tana cin dusa.

Ishaq

*

Talata Mafara
Talata, 25 ga Fabrairu, 2025

Yaya Ishaq,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Kaltumi, ita ce ta fi mu gani. Mako biyu ban amsa ba. Na fara wannan takarda sau biyar ina yagawa.

Ni ne. Ba Lukman ba ne, ba kuma hukumar ba ce.

Ga abin da ke littafina na ranar Juma'a, 10 ga Janairu: "Na tura ƙorafin Yaya Ishaq da ƙarfe goma sha ɗaya. Na buga kwafi biyu, ɗaya na fayil, ɗaya na shugaban ƙungiya. Na ba masinja ya kai wa masu motar Bakura." Haka na rubuta, da hannuna, hankalina kwance.

A rajista abu na farko da aka koya mini shi ne ba a rubuta takarda a kan mutum a bayan idonsa. Duk ƙorafin da ya shafi shugaban sashe, a ƙasansa ana sa "kwafi zuwa ga", a aika masa nasa. Na taɓa ganin an mayar da takardar wani direba sau uku don bai yi haka ba. Hannuna ya saba. Na rubuta wa hukumar su ɓoye sunan Fa'izu, sannan na ɗauki takardar da ke ɗauke da wannan roƙon na aika wa mutumin da ake ɓoye masa. Ban ga abin da na yi ba sai ranar da takardarka ta 27 ga Janairu ta zo. Na buɗe littafin don in nemo maka inda maganar ta zuba, na same ni a shafi na tara.

Abin da ya fi wannan muni shi ne takardata ta 4 ga wata. A lokacin na riga na sani. Na ji kunya na yi ta kewaye, har ka ci mutuncin Lukman a tasha. Wannan ba sabo ba ne, tsoro ne.

Hirarmu da Alhaji a wurin suna ga ta. Shi ya miƙo hannu. Ya ce, "Malam, na ga takardarka, ka iya Turanci." Na ce na gode. Ya ce, "Ka gaida ɗan'uwanka." Shi ke nan. Takardar ɗansa tana cikin fayil tare da ta mutum arba'in, ban ɗaga ta ba, ban danne ta ba. Ban san yadda zan sa ka yarda da wannan ba, tunda ni ma da na karanta abin da na yi sai da na tambayi kaina ko wani ɓangare nawa ya so Alhaji ya ga na iya aiki. Ban samu amsa ba.

Na rubuta wa hukumar na faɗa musu abin da na yi, da abin da ya jawo wa shaida, da maganar Laraba goma sha biyu. A lissafina huɗu sun wuce, ta ƙarshe za ta faɗo 16 ga Afrilu. Wannan karon ban buga kwafi ba. Na kuma je tasha yau na sami Lukman na faɗa masa gaskiya gaban abokan aikinsa. Ya yarda ya kawo maka wannan, amma ya ce maganar haƙuri sai ka zo da kanka.

Ƙanenka,
Abdulwahab

*

Tungar Adda
Litinin, 10 ga Maris, 2025

Abdulwahab,

Sallama, da barka da shan ruwa. A gaida Inna.

Na je wurin Lukman, mun shirya. Fa'izu kuwa na faɗa masa, ya ce shi bai ga bambanci tsakanin wawa da munafuki ba in dai sunansa ne ke yawo. An ci shi tara a ƙungiya, an mayar da shi ƙarshen layi a kwata.

Ni ban yanke ko wanne ne kai ba. Kaltumi ta ce wanda aka saya ba ya kawo shafi da lamba. Wataƙila.

Azumi ne, kowa na neman nama, ina zaune bayan tebur ina korar ƙuda daga katako. Laraba shida. In mutanenka na hukuma za su zo, su zo. In ba za su zo ba ka faɗa mini in sayar da saniyar kafin ta cinye ni.

Ishaq

*

Talata Mafara
Talata, 25 ga Maris, 2025

Yaya Ishaq,

Gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya. Inna ta ce a faɗa maka ta ji komai, kuma ta riga ta yi mini faɗan da ya isa mutum biyu.

Jiya wata jami'ar hukumar mai suna Hajiya Taibatu ta kira ni. Za su zo su biyu ranar Alhamis, 3 ga Afrilu, bayan sallah. Sun rubuta wa ƙungiya da kansu. Ta ce ba kama mutane za su zo yi ba, za su ji kowane ɓangare, su faɗa wa ƙungiya abin da doka ta hana, in an ƙi ji sannan magana ta hau sama. Na tambaye ta sau biyu ko za a sake kiran sunan Fa'izu, ta ce ba sa buƙata, tunda Alhaji bai musanta zaman ba.

Ka kawo sikelinka. Kada ka sayar da saniyar tukuna, ko da yake ba ni da bakin ba ka shawara. In kana so in zo, zan nemi izini a ofis. In ba ka so, na fahimta.

Abdulwahab

*

Tungar Adda
Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Malam Abdulwahab,

Sallama, da barka da sallah. Da gangan ban amsa maka ba, ban so ka zo. Amma tunda kai ka jawo, ga yadda aka yi.

Sun zo da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a rumfar Alhaji. Hajiyar ba ta da tsawo, amma ba ta ɗaga murya ba kuma kowa ya ji ta. Ta ce, "Alhaji, wa ke yanke farashin nama a kasuwar nan?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, muna zama ne mu daidaita. Ishaq na da dangi a Faru. Wanda ba shi da dangi a Faru fa, ya rufe tebur? Mu tara ne, kowa da iyali."

Ta ce ta ji, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Ta ce ƙungiya na iya tsara tsabtar kwata, da layin yanka, da taimakon wanda ya karye, har ma su haɗa kuɗi su je Faru su sayo tare. Amma matar da ke aiko da kwanonta ita ma da iyali, kuma ba a gayyace ta zaman da aka yanke mata farashi ba.

Tsoho Falalu ya ce daga baya, "Hajiya, in kin hana mu haɗa baki, ki biya ta kara ki hana shanun su ma." Aka yi dariya har da ita.

Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ta sa abokin aikinta ya ɗora dutsen awo a sikelina gaban kowa. Ya yi daidai. Alhaji ya sa hannu cewa babu sauran farashin dole, kuma kwata a buɗe take gare ni.

Sai na ce, "Hajiya, ƙafa fa?" Ba ta gane ba sai da aka yi mata bayani. Sannan ta ce, "In ƙungiya ce ta hana su haɗawa da kai, ka kira ni, ga lambata. In kowa ra'ayin kansa ne, ba ni da dokar da za ta sa mutum ya raba saniya da wanda ba ya so."

Bayan motarsu ta tashi na bi mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya riga ya yi alkawari, wancan kuɗinsa bai cika ba. Ba wanda ya ce an hana shi. Laraba goma ta wuce. Takarda na hannuna, kwata a buɗe, saniya mai ƙafa huɗu, ni ɗaya.

Ishaq

*

Talata Mafara
Talata, 8 ga Afrilu, 2025

Yaya Ishaq,

Sallama. Ina rubuta wannan a tsaye a tasha kafin Lukman ya juya.

Tun makon jiya na yi zaton haka, sai na zagaya ofisoshin sakatariya da takarda. Mutum goma sha tara sun rubuta suna za su yi watanda in naman zai zo da kilo. A lissafina ya kai ƙafa biyu, ko da yake ban san nauyin saniyarka ba, kuma mutum uku daga ciki ban yarda za su cika ba. Lukman ya ce zai yi sawu na musamman ranar 16 in an biya masa mai. Ba sadaka ba ce, naman Mafara ya fi naka tsada. Ban faɗa wa kowa dalili ba.

Abdulwahab

*

Tungar Adda
Alhamis, 17 ga Afrilu, 2025

Taubashi,

Assalamu alaikum. Ina fatan naman ya iso da sauran sanyinsa, kuma ka auna shi da kanka. A gaida Inna, ƙoda da hanta da ke cikin baƙar leda nata ne, kada 'yan ofis su gani.

Jiya bayan asuba na ja saniyar zuwa kwata. Malamin yanka ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi ƙasa, aka yanka. Ba wanda ya kama mini fiɗa. Na ware ƙafa biyu na Lukman, na ɗauki ɗaya, ta huɗu na rataye ina tunanin ko kilishi zan yi da ita in yi asara.

Ina cikin wanke wuƙa sai ga Fa'izu. Bai yi sallama ba. Ya ɗaga ƙafar ya jijjiga, ya ce, "Ta rame." Na ce wata uku tana jiran mutanen kirki. Ya ce, "Ɗora a abin naka in gani." Na ɗora. Ya biya, ya saɓa a kafaɗa ya bi ta tsakiyar kasuwa da ita, ta gaban rumfar Alhaji.

Kaltumi ta ce zuciyarsa ce ta sauko. Ni ban sani ba. Yana iya yiwuwa Alhaji ne ya turo shi don a san nawa nake saye da nawa nake sayarwa, don na ga sun yi magana da azahar, kuma ba faɗa suke ba. Na kuma ji an ce mutum biyu sun tambayi Lukman hanyar Faru.

Kafin la'asar teburina ya ƙare, sai kan saniyar da kofatai, su ma mai tuwo ta kwashe. Na wanke katakon da ruwan zafi na kife.

Ka tambayi mutanenka ko za su sake mako mai zuwa. Ƙafa ɗaya za ka sa musu, ba biyu ba. Ɗayar zan rataye ta a kwata in ga wanda zai zo.

Yayanka,
Ishaq